Kalangu Magana Yake Yi, A Daina Yanke Masa Harshe

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na makon jiya kan waƙoƙin matasa, inda wani dattijo ya bugo waya yana cewa hip-hop da rege baƙin haure ne, ba su da dangin iya bare na baba a ƙasar Hausa. Ina ganin girmansa, amma ban yarda ba. Na shekara 19 ina sayar da kaset a bakin Kasuwar Barci, tun Shata na da rai har kaset ɗin ya mutu a hannunmu. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen biki ya ji sanƙira yana zuba kirari a kan kiɗa, shi ba waƙa ba, shi ba magana zalla ba, ya san abin da yaran nan ke yi ba daga sama ya faɗo ba. Shi kansa Kool Herc, mai saka faifai a wajen shagali, wanda ake cewa a shagalinsa na unguwar Bronx ta birnin New York aka haifi hip-hop a 1973, haifaffen Jamaika ne, can ya taso yana jin masu surutu a kan faifai.

Ni damuwata daban ce, kuma da idona na gani.

Ɗan ƙanwata yana da ɗan ɗakin ɗaukar waƙa a Kawo. Kwanakin baya ya ce: "Kawu, samo mana mai kalangu, muna son ƙamshin gargajiya." Na ɗauko masa wani tsoho da na sani tun ina saurayi, makaɗin mahauta ne gaba da baya. Baba ya rataya kalangu, ya matse tsarkiya a hammata, ya yi kusan rabin awa yana kaɗawa har gumi ya jiƙa masa taguwa. Da aka gama, yaron ya zauna gaban kwamfuta ya tsinko abin da bai fi daƙiƙa biyar ba, ya sa yana ta maimaita kansa, ya ɗora waƙar soyayya a kai. Tsohon nan ya kasa kunne, sai ya tuntsire da dariya. Ya ce: "Yaro, ka san me gangar ke faɗi kuwa? Taken Sarkin Pawa ne ka sa wa budurwarka, kuma a tsakiyar magana ka yanke shi." Duk ɗakin aka yi tsit. Ashe babu ɗaya cikinsu da ya san kalangu magana yake yi. Aka ba shi kuɗin mota, sunansa ko a ƙarshen bidiyo bai fito ba.

To a nan gizo ke saƙar. Ƙarar ganga muke ɗauka, mu bar abin da take faɗi.

A leƙa maƙwabta mana. A ƙasar Mande, wato yankin Mali da Gini, jali, makaɗi kuma maroƙi na gado, shi ne rumbun tarihi. Ta bakinsu labarin Sunjata Keita, wanda ya kafa daular Mali a ƙarni na 13, ya iso gare mu. Sidiki Diabate na Mali yana kiɗan zamani, matasa na cika masa fili, amma sai da ya zauna gaban mahaifinsa Toumani, wanda ya rasu a 2024, ya koyi kora mai tsirkiya 21 har suka fitar da faifai tare a 2014. Tiken Jah Fakoly, ɗan Odienne a arewacin Kodebuwa, ya sa kora da ngoni (mai kama da molo) cikin rege, ya kuma ɗauki aikin faɗa wa masu mulki gaskiya, abin da ya kai shi gudun hijira Bamako a 2003. A Senegal kuwa, mawaƙan rap su Daara J sun daɗe suna cewa rap a Afirka aka haife shi, ya je Amurka ya girma, ya dawo gida. Su da bakin faɗin haka, don sun taso suna jin tasu, salon jero magana da sauri da matan Wolof ke yi a kan ganga.

Mu me muka rasa? Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak ya waƙe karen mota da ɗan talaka, irin aikin da Bob Marley da Lucky Dube suka yi da cikakkun kayan kiɗa. Barmani Choge da ƙwarya ta riƙa gaya wa mata su kama sana'a. Zambon da masu rap ke jifan juna da shi yanzu, wallahi wasan yara ne idan aka ajiye shi kusa da habaicin Narambaɗa ko Ɗanƙwairo, inda za a yi wa ɗan sarki kaca-kaca ba a ambaci sunansa ba, kuma kowa a fada ya gane da wa ake. Ga amshi, ga kirari, ga karin magana. Yaran Kaduna sun iya jera kalmomi, ban raina musu ba, wasunsu har baki nake saki. Sai dai sau da yawa idan ka tuɓe wa waƙar Hausarta, abin da ke ciki na Atlanta ta Amurka ne.

Laifin ba nasu kaɗai ba ne. Mu muka raine su kan cewa roƙo ƙasƙanci ne, maroƙi ba a ba shi aure, alhali in ya wasa kakanmu hannu na rawa muke zaro kuɗi. Yaron da aka hana zama kusa da makaɗi, ina zai koyi take?

Roƙona gare ku, Malam Edita: tun 1962 ake watsa shirye-shirye daga garin nan, kuma manyan makaɗan Arewa da yawa sun rera a gaban makirfon Kaduna. Ku kakkaɓe tsofaffin faifan da ke ajiye, ku ware ko da minti 30 a mako, ku zaunar da mai rap ɗaya da makaɗin gargajiya ɗaya. A saka waƙa, tsoho ya warware abin da ganga ta ce, yaro ya ɗora nasa, a kuma faɗi sunan kowa, a biya kowa. In kuna neman wanda za ku fara da shi, Baba mai kalangu yana nan kullum da hantsi a bakin mahauta. Ku sa rana kawai, ni zan biya masa kuɗin keke.

Naku mai sauraro,
daga Tudun Wada, Kaduna.