Wasiƙa zuwa ga sabon injiniya, kan fawar da ta mutu

Tudun Wada, Zariya

Assalamu alaikum, Ango.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya amarya, ya ruwan Fatakwal? Saƙonka ya iso ta hannun ƙanenka, har da hoton fawar kyamarorin shagonku, wato akwatin da ke ba su wuta, ta ƙarfen nan mai huji-huji, mai volt 12 amfiya 5, wadda ka ce ta mutu murus, ko koren fitilarta ba ya kamawa. Na ji daɗi ƙwarai da ka sayi mitar auna wuta da ayan na narka dalma, kai da ko ƙwan ɗaki sai an kira maka Dogo ya canja. Amma magana ɗaya ta tayar mini da hankali, cewa da ka yi za ka ɗaure gurbin fiyus da waya ka gwada. Don girman Allah kada ka yi. Fiyus mai gadi ne, idan ka tarar da shi kwance, to ɓarawo na cikin gida. Ka ɗaure da waya, abin da ya rage da rai a kan bod ɗin, wato allon da kayan fawar ke kai, shi ma zai ƙone.

Kafin komai, ranka. Wutar gida volt 230 ce. Idan ta bi ta dayod huɗun nan na bakin shiga, masu barin wuta ta bi ta fuska ɗaya kawai, tana taruwa a cikin babbar kafasita, ma'ajiyar wuta, ta kai wajen volt 325, kuma ko ka zare soket tana iya zama a ciki, musamman a fawar da ta ƙi tashi, tunda babu abin da ke shanye ta. Saboda haka ka zare, ka sa mitarka a DC, ma'auni mafi girma, ka auna ƙafafunta biyu. Idan da wuta, ka ɗora mata resista 10k mai wat 5, riƙe da filaya mai roba, kamar daƙiƙa goma, sannan ka sake aunawa. Ban da sukuddireba, tartsatsin yana cinye layin bod. Ka sa takalmi, ka cire zobe, kuma duk lokacin da wuta ke jone, hannu ɗaya kawai za ka kai.

Sai ka duba da ido da hanci: kafasita mai kumburarren kai, wurin da ya yi baƙi, dalmar da ta tsage. Idan akwai makunnin 110/220 a gefe, ka tabbata yana kan 220.

Yanzu ka auna fiyus, domin shi ne zai raba maka hanya biyu.

Idan ya yanke, har gilashinsa ya yi baƙi, akwai shot, wato wuta ta haɗe inda bai kamata ba, a ɓangaren shiga. Juya mita zuwa alamar dayod, ka bi dayod huɗun ɗaya bayan ɗaya. Lafiyayye zai nuna 0.4 zuwa 0.7 ta fuska ɗaya, ta ɗayar kuma ba komai. Wanda ya nuna sifili ta kowace fuska ya tafi. Daga nan mosfet, mai ƙafa uku da ke ɗaure a jikin farantin alminiyam. Ka auna tsakanin ƙafar tsakiya da ta dama. In mita ta yi kuka ta kowace fuska, ka cire shi ka sake aunawa a waje don ka tabbatar. Mosfet ba ya cika tafiya shi kaɗai. Yakan ja ƙaramar resistar da ke ƙarƙashinsa, wadda yawanci ba ta kai om ɗaya ba, da ta ƙafarsa ta hagu, wani lokaci har da aisi, ɗan abin nan mai ƙafafu da yawa da ke sarrafa mosfet. Mai canja mosfet kaɗai yakan sayi biyu. Ka duba varista, mai tare wutar da ta yi yawa, da ke kusa da fiyus, ita ce ke fara shan duka idan janareta ya yi hauka.

Af, Dogo ya koma da shagonsa wajen PZ, kuma an sa ranarsa bayan Sallah. Ya ce in ba ka zo ba, ka san abin da ke tsakaninku tun na Samaru. Hajiya ma ta tambaye ka, ta ce ko Fatakwal babu waya ne.

To, idan fiyus lafiyarsa lau, nan ne aikin ke da daɗi. Jona wuta, ka auna babbar kafasita. Ka samu 300 da wani abu, ɓangaren shiga ya fita zargi, fawar ce kawai ba ta tashi. Karanta lambar aisi. Idan UC3842 ce, sai ƙafarta ta 7 ta kai volt 16 take tashi, ta sauka ƙasa da 10 ta mutu. UC3843 kuwa wajen 8.4 ta ishe ta. In ta tashi, ƙafa ta 8 za ta ba ka volt 5 cif. Baƙar wayar mita a ƙafar negatif ta babbar kafasita za ka ɗora, ba a jikin akwati ba, kuma wannan ƙafar tana jan mutum. Idan ƙafa ta 7 babu komai, nemi resistar tayarwa, mai 100k zuwa 470k, da ke saukowa daga babbar kafasita. Tana yankewa ba tare da ko ɗigon baƙi a jikinta ba, sai an ɗaga ƙafa ɗaya an auna. Idan kuwa lambar da mita ke nunawa na hawa tana sauka, zargi ƙaramar kafasitar da ke gefen aisi, yawanci 47µF volt 50. Zafi ke busar da ita. Ni a ganina mai koyo ya canja ta kawai, tunda ba ta da tsada kuma mita irin taka ba za ta nuna maka ta gaji ba.

Ka kasa kunne kuma. In kana jin tik, tik, tik, tana ƙoƙarin tashi ne wani abu na danne ta a ɓangaren fita. Cire kyamarorin duka tukuna, sau da yawa laifin na wajensu ne ko na wayarsu da ruwa ya shiga. In bai daina ba, auna babban dayod ɗin fita. Shi 0.15 zuwa 0.3 yake nunawa, kada ka ɗauka ya lalace. Sai kafasitocin fita, irin 1000µF, sannan PC817 da TL431, masu daidaita volt 12 ɗin.

Duk abin da ka canja, gwajin farko ta cikin ƙwan lantarki za ka yi shi, tsohon yayi mai zare, wat 60 ko 100, a jone a gurbin fiyus. Ya haska sau ɗaya ya dushe, alhamdulillahi. Ya tsaya da haske, shot na nan, zare ka koma bincike. Sabon fiyus kuma ya zama daidai da lambar da ke jikin tsohon.

Irin ƙwan nan ya yi wuya yanzu. Gobe in Allah ya kai mu zan leƙa kasuwar Sabon Gari, in na samu zan haɗa da kafasita da resistoci in bai wa ƙanenka. Ka turo mini lambar aisi da ta mosfet, da abin da ka samu a ƙafa ta 7.

Ka gaida amarya. Mangwaro ya fara shigowa, ban san ko zai kai Fatakwal da kyau ba, sai dai ka zo bikin Dogo ka sha.

Naka,
Abokinka na Tudun Wada