Godiya ga kamfanin da ya haɗa mini rumbun ajiyar bayanai a gida

Zuwa ga Manaja da dukan ma'aikata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na zaɓi in rubuto muku wannan wasiƙa a bainar jama'a saboda yaba kyauta tukuici ne, kuma aikin da kuka yi mini ya wuce godiyar da ake yi ta waya.

Sana'ata tace bidiyo ce, a gida nake yi. Fayiloli sun yi mini yawa, sun watsu a ƙananan faya-fayan USB, shi ya sa na zo muku da buƙatar na'urar da ake kira NAS, wadda za ta zauna a wuri ɗaya, kowa a gidan ya shiga cikinta daga kwamfuta ko waya. Muka tsaya a kan faifai 4, kowanne mai terabait 16.

Kafin a taɓa ko dunƙule ɗaya, Injiniyanku ya jawo takarda da biro ya ce mu fara yin lissafi. A jikin kwali dai terabait 64 ne. Amma masu ƙera faifai suna ƙirga terabait ɗaya a matsayin bait 1,000,000,000,000, ita kuwa na'ura da 1,024 take ninkawa, don haka faifai mai 16 zai nuna kimanin 14.5. Sannan ya ba da shawarar a ware gurbin faifai biyu don kariya, wato tsarin RAIDZ2 a kan manhajar TrueNAS. Abin da zai rage mini na ajiya bai wuce 29 ba. Da yawa masu sayarwa sai bayan an biya kuɗi suke faɗin wannan, idan ma sun faɗa.

Na tambaye shi me ya sa ba za a ware ɗaya kawai ba, kamar yadda RAID 5 yake yi. Amsarsa ce ta sa na san na zo wurin masu sana'a. Ya ce idan faifai ya mutu aka sa sabo, dole na'ura ta sake gina abin da ke cikinsa daga sauran. Ko da tana rubuta megabait 200 a kowace daƙiƙa, faifai mai terabait 16 zai ci fiye da awa 22, kuma wannan idan ba wani aikin da ake yi da ita ke nan. A duk tsawon lokacin nan sauran faya-fayan suna ta aiki ba hutawa, ga shi tare aka saye su, tare suka tsufa. Idan na biyu ya faɗi a tsakiyar ginin, mai kariyar faifai ɗaya ya rasa komai. Girman faifai shi ne ke tsawaita wannan lokaci na haɗari.

Kun kuma dage sai faifai nau'in CMR, wanda layukan rubutunsa ba sa hawa juna, kuka ƙi sa mini SMR. Shi SMR layukan rubutunsa hawa juna suke yi kamar jeren kwanon rufi, gyara ɗaya sai an sake rubuta na kusa da shi, shi ya sa yake ja da baya sosai idan rubutu ya daɗe, musamman lokacin sake gini. Ba ku kawo na'urar ba sai da kuka cika kowane faifai da rubutun gwaji kuka karanta rahoton SMART ɗinsa, wato bayanin da faifai ke bayarwa a kan lafiyarsa. Ɗaya ya nuna wuraren da suka fara lalacewa, kuka canza shi ba tare da na nema ba.

Ranar da aka kafa ta, Injiniya ya kunna wani bidiyo daga cikinta a talabijin, sannan ya zare faifai ɗaya yana kallona. Gabana ya faɗi. Bidiyo bai ko girgiza ba, sai ga saƙon gargaɗi ya shigo wayata ɗauke da lambar faifan da aka cire. Lambar nan kuwa an riga an rubuta ta a farar takarda an manna a bakin gurbinsa, yadda ba zan zare mai lafiya in bar maras lafiya ba. Ya ce in mayar da shi da hannuna, ya tsaya har na yi.

Sauran abubuwan kun yi su cikin natsuwa. Kun haɗa UPS, wato akwatin batir mai riƙe wuta na ɗan lokaci, da na'urar ta kebul ɗin USB don ta kashe kanta a hankali idan wuta ta ɗauke batir ya yi ƙasa. Kun saita ta tana bincika dukan bayanan da ke cikinta duk wata. Kun gaya mini tun farko cewa layin gigabit ɗaya, irin wanda ke haɗa ta da kwamfuta, bai cika wuce megabait 110 a daƙiƙa ba, don haka kwafe terabait 10 zai haura yini da kwana, kada in ɗauka wani abu ne ya lalace. Kun ce kada a ajiye ta a ɗakin barci domin manyan faya-fayai suna da ƙwanƙwasa, kuma gaskiyarku ce.

Abin da ya fi burge ni, kun ƙi bari in tafi da zaton RAID, wato tsarin nan na ware faifai don kariya, ya isa. Ba ya kare mutum daga gobara, ko ɓarawo, ko fayil ɗin da aka goge bisa kuskure. Kuka tsara mini kwafi 3, a kan ma'aji iri 2, ɗaya a wajen gidan, ko da yake wannan na ƙarshe ba a wurinku zan saya ba.

Roƙona ɗaya ne, Manaja: lissafin nan na kan takarda, a buga shi a riƙa miƙa wa duk wanda ya zo neman irin wannan aiki. A miƙa gaisuwata ga Injiniya, da ma'aikaciyarku da ta ja kebul ta sa wa kowanne suna a bakinsa biyu. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara buɗi.

Naku,
Wani abokin cinikinku