Kajin gidan gona na girma fiye da ƙarfin ƙafarsu

Edita, assalamu alaikum. Don Allah ku ba ni fili in yi magana da 'yan uwana masu kiwon broila, wato kajin nama, a nan Kaduna, tun daga masu keji a bayan gida a Rigasa da Tudun Wada har manyan gonakin hanyar Abuja.

Kowa murna yake kaza ta kai kilo 2 a sati 6 ya kai kasuwa, amma wa ke duba yadda take kaiwa can? Masana a jami'ar Alberta ta ƙasar Kanada sun gwada irin kajin 1957 da na 2005 da abinci iri ɗaya, a kwana 56 na da can bai cika kilo 1 ba, na 2005 ya haura kilo 4. Ba allura ba ce kamar yadda ake ta yaɗawa, zaɓen iri ne shekara da shekaru, har aka samu nau'in kaji su Ross da Cobb ɗin da muke saya. To nama ya yi gaba, ƙashi da zuciya sun kasa binsa, shi ya sa daga sati na 4 za ka ga kaza ta gurfana ba ta iya zuwa wajen ruwa, wata ciki ya cika da ruwa, wata kuma lafiyarta lau ka wayi gari ta mutu a rigingine, kuma yawanci mafi girman ce wallahi.

Sannan mu ma muna ƙara musu. A kunna fitila kwana da yini wai don su yi ta ci, a cusa 200 a ɗakin da ya kamaci 100, ga rufin kwano a zafin Maris da Afrilu, ga dusar katako ta jiƙe wari na hawa ido har ƙafa da ƙirji su yi gyambo. Tarayyar Turai tun 2007 dokarsu ta ce a ba su duhu awa 6 a kullum. Duhu dai ba a saya, bayan satin farko a kashe fitila su huta. Ita ma dabba amana ce, mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa.

Ina roƙon likitocin dabbobi na ABU da masana na NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi da ke Shika, su riƙa shiga rediyo suna wannan bayani da Hausa, masu saida 'yan tsaki kuma su dinga gaya wa sabon mai kiwo yawan da ɗakinsa zai ɗauka kafin su karɓi kuɗinsa.

Naku, mai kiwon kaji daga Kawo, Kaduna