A Riƙa Liƙa Mana Lissafin Kuɗin Haraji Kowane Wata

Malam Edita, assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi magana a kan harajin da ake karɓa a Zariya da Sabon Gari.

Mai shago a Tudun Wada, da mai rumfa a kasuwar Sabon Gari, da mai Keke Napep da ke yankar tikiti kowace safiya, duk suna biya. Amma nawa aka tara, kuma me aka yi da shi, babu mai gaya musu.

Ɓarnar tana farawa ne tun daga wurin karɓa. Tun 2016 dokar haraji ta Jihar Kaduna ta hana karɓar kuɗi hannu da hannu, ta ɗora wa hukumar tattara haraji ta jihar, wato KADIRS, alhakin tattarawa. Duk da haka, da zarar mai karɓa ya ce na'urar POS ba caji ko sabis ya ɗauke, sai ɗan kasuwa ya miƙa tsabar kuɗi don kada a rufe masa shago. A ba shi ɗan guntun tikiti ba lamba, ba kwanan wata, ba sunan harajin. Irin wannan kuɗi ba shi da sawu, ko mai binciken kuɗi ya zo ba abin da zai kama. Maganin ba wuya: a kafa allo a bakin kowace kasuwa mai nuna yawan rumfuna da kuɗin kowace rumfa. Ɗan firamare ma zai ninka ya gane abin da ya kamata ya shiga asusu.

Kason da ƙananan hukumomi ke samu daga Abuja ana wallafa shi duk wata, kuma ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan su kai tsaye. Shigar kuɗin tarayya ke nan an sani, fitarsu ce a duhu. Muna neman shafi ɗaya tak a allon sanarwa na sakatariya kowane ƙarshen wata: abin da ya zo daga tarayya, abin da aka tara a gida, albashi, da ayyuka gunduma-gunduma. A rubuta da Hausa, boko da ajami, domin dattawanmu da yawa ajamin suke karantawa. Allon kwangila kuma, na kwalbati ne ko na rijiyar burtsatse, ya zo da kuɗin aikin da ranar gamawa, ba sunan ɗan kwangila kaɗai ba.

Ga masu son tambaya, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ba ta ce sai mutum ya faɗi dalilinsa ba. A rubuta takarda kwafi biyu, a sa a buga hatimi da kwanan wata a kan wanda za a riƙe, domin daga ranar ake ƙirga kwana 7 da doka ta ba hukuma ta amsa. Inda mutane ke kuskure shi ne su ce a ba su "bayanin kuɗi" a dunƙule. A ambaci aikin, da unguwar, da shekarar. In an hana, akwai kwana 30 na kai ƙara kotu.

Kansilolinmu, ku kai maganar nan zauren majalisa kafin a amince da kasafin baɗi.

Wassalam.

Wasu masu biyan haraji,
Tudun Wada, Zariya.