Auta Ta Hana Mu Barci

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya Fatakwal? Shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ko har yanzu fushin kuɗin kilishin ne?

Wata shawara nake nema a wurinka game da Auta. Ka san ta cinye WAEC ɗinta tas, to idonta ya buɗe, ta ce ita sai Amurka. Tun farkon Janairu ta gama tura takardu jami'o'in Harvard da MIT da Princeton. Dalilinta kuwa mai ƙarfi ne: ukun nan ba sa duba aljihun uba kafin su ɗauki yaro, ko daga wace ƙasa yake, in sun ɗauka kuma su cike abin da gida ya gaza. Yanzu sai jira, amsa sai cikin Maris.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne ba su da makin da za a ce in ka kai shi ka shiga. Mu nan ko ba komai JAMB maki 400 ce, ka duba naka, ka duba na likitanci a BUK, ka san inda ka kwana. Can kuwa, cikin mutum 100 da ke neman Harvard a 'yan shekarun nan, waɗanda ake ɗauka ba su kai 5 ba. Sauran kuma ba daƙiƙai ba ne, da yawansu su ke zuwa na ɗaya a makarantunsu. Sai an karanta labarin da yaro ya rubuta kan rayuwarsa, da wasiƙun malamansa, sannan a zaɓa. Me zan ce mata in an ƙi ta? Ta ƙara ƙoƙari? A ina?

Na ma manta, wa nake tambaya, kai da lissafi ya kora daga ajin kimiyya.

Af, mai shayin bakin layinmu ya ƙara aure, ya kuma ƙara kuɗin shayi a sati guda. Majalisa ta ce mu ne muka biya sadakin.

Hajiya dai kowace Juma'a sai ta yi sadakar waina, amma na lura ba ta taɓa faɗin abin da take roƙo ba. Ina zargin so take a ƙi yarinyar, ta zauna kusa da ita. Ni kuwa na ce wa Auta JAMB dole ce, ta sa BUK a zaɓin farko, tana kumbure-kumbure ta amince.

Ka gaida Madam da yara. In za ka shigo Sallah ka sanar da wuri.

Naka,
Mutuminka na Gwale