Wasiƙa Zuwa Ga Aminina Kan Noman Furen Alisam

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na samu takardarka wadda kake tambaya a kan irin alisam da ka samu, wato furen da masana tsirrai ke kira Lobularia maritima. Asalinsa daga gaɓar Bahar Rum ne, dangin kabeji ne, kuma tsayinsa bai cika wuce santimita 15 ba, sai dai ya bazu a ƙasa kamar shimfiɗa, da ƙananan furanni farare ko masu launin shunayya, masu ƙamshin zuma.

Kada ka binne irin. Yana buƙatar haske kafin ya tsiro, don haka ka yayyafa shi bisa ƙasa mai laushi wadda ba ta riƙe ruwa, ka danna shi da tafin hannu kawai, sannan ka riƙa yi masa yayyafi har ya fito cikin mako ɗaya zuwa biyu. Idan tsiron ya yi cunkoso ka rage shi, ka bar tazarar santimita 15 zuwa 20. Taki kaɗan ya ishe shi, domin idan ya yi yawa ganye za ka samu, fure kuwa ya ƙaranta.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne halinsa da zafi. Bayan kimanin makonni 6 zuwa 8 zai cika da fure, amma da zarar rana ta ƙwalle sai ka ga furen ya ɗauke, rassan sun yi tsawo sun barbaje, har mutum ya ɗauka ya mutu. A nan ne mutane da yawa ke tumɓuke shi, kuma a ganina asara ce. Ka sa almakashi ka aske rabin tsayinsa, ka ba shi ruwa, in da hali ka sama masa inuwar la'asar. Iska na yin sanyi zai sake toho da sabon fure.

Ka shuka shi kusa da kayan lambunka, saboda yana janyo wasu ƙudaje masu kama da ƙudan zuma waɗanda tsutsarsu ke cinye darɓa, dalilin da ya sa manoman latas a jihar Kaliforniya ta Amurka ke jera shi cikin gonakinsu. Shekara ɗaya ake nomansa, amma yakan zubar da iri ya fito da kansa baɗi, kodayake galibi fari yake dawowa ko da mai launi ka shuka.

Ka gaida mutanen gida, kuma ina jiran labarin yadda ya karɓi ƙasarka.

Naka amini.