Zuwa ga Firaministan Albaniya Edi Rama: kada a sake makara irin ta 1448

Mai girma Firaminista, gaisuwa da fatan alheri. Ba zan ja zance ba.

Ka fi ni sanin cewa a 1443, sa'ad da Janos Hunyadi na Hungari ya fatattaki rundunar Daular Usmaniyya ta Turkiyya kusa da Nish, cikin wannan hargitsi ne Skanderbeg, gwarzon Albaniya, ya sulale daga rundunar Usmaniyya ya koma garin Kruje ya ɗaga tutar tawaye. Labari ne mai daɗin faɗi a wurin liyafa. Wanda ba a cika tunawa ba shi ne na 1448: Hunyadi ya isa filin Kosobo yana sauraron isowar abokinsa, Skanderbeg bai iso ba, Sarki Murad na biyu na Usmaniyya ya yi wa rundunar Hungari kaca-kaca. An ce mai mulkin Sabiya, Brankovic, ne ya tare wa Skanderbeg hanya. To, shi yana da uzuri.

Kai kuma wa ya tare maka hanya? Albaniya ta nemi shiga Tarayyar Turai tun 2009, aka yi ta jan ƙafa, sai a Oktoban 2024, lokacin da Hungari ke riƙe da shugabancin karɓa-karɓa na Tarayyar, aka buɗe rukunin farko na tattaunawar. Aboki ya yi nasa. Da bakinka ka ce a 2030 za ku shiga, kuma a kan wannan alkawari aka sake zaɓenka a 2025.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne: su wa za su shiga? Ƙidayar 2011 ta nuna mutum miliyan 2.8, ta 2023 kuwa miliyan 2.4. Ba yaƙi aka yi ba. Matasa ne suka gaji da jira, suka tattara komatsansu zuwa Italiya da Jamus da Ingila. Madalla da zumunci, tunda ga jiragen Wizz Air na Hungari a filin jirgin Tirana, tikiti da araha! Su sun riga ka shiga Turai, ɗai-ɗai, kowa da jakarsa. Kuma me zai zaunar da yaro mai digiri a ƙasar da aka kama magajin garin babban birninta, ɗan jam'iyyarka, a Fabrairun 2025 bisa zargin cin hanci?

Na san bankin OTP da kamfanin sadarwa na 4iG, dukansu na Hungari, sun zuba jari a Albaniya. Na san Sarauniya Geraldine, matar Sarki Zog na Albaniya, 'yar Hungari ce. A bar wannan tukuna.

Don Allah, ranka ya daɗe, ka sakar wa SPAK, hukumar yaƙi da cin hanci, mara ta yi aikinta, ko da binciken zai kai ƙofar ofishinka. Sannan a zamanku na gaba da mutanen Budapest, babban birnin Hungari, kafin a ambaci Hunyadi, ka fara gaya musu likita nawa da malami nawa suka dawo gida a bana.

Naka,
wani mai bibiyar tarihin Balkan